Tabon Goro a Dardumar Surukina

Zuwa ga Gwaggo Zinatu,

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ki kuma amsa mini da wuri, domin arba'in ɗina ta matso kuma na rasa inda zan sa kaina. Da hannuna nake rubuta miki, da ɗan bokon da na samu a lekol, makarantarmu ta Faransanci, kafin a cire ni, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun. Akwai mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin fosta, amma mutumin nan in ka gaya masa magana da hantsi, kafin la'asar ta zaga kasuwa.

Ni 'yar Jugu ce, aure ya kawo ni Paraku, muna zaune a unguwar Ganu. Maigidana yana karɓar kaya a tasha idan jirgin ƙasa ya iso daga Kotonu, ya loda a kamiyo, manyan motocin nan na kaya, zuwa arewa. Gidanmu da gidansu duk jikokin fatake ne. Kakanninmu tare suka riƙa bin hanyar Gwanja da jakuna suna ɗauko goro, har suka gaji da tafiya suka kafa gida a Jugu. Na faɗi wannan ne don ki gane cewa abin da ya faru a gidanmu, gidansu sai ya ji, kuma abin da gidansu ya ji, to Jugu ta ji.

A gidan su maigidana can Jugu akwai wata darduma. Ba ƙaramar nan ta salla ba, babba ce ta ulu, dattawa goma za su zauna a kanta ba wanda ya gogi wani. Kakansa ne ya zo da ita daga hajji, zamanin da ake tafiya ta ƙasa a yi shekaru kafin a dawo. Gefenta ja ne da shuɗi, tsakiyarta kuwa launin madara. Al'adar gidan ita ce duk inda aka haifi jika sai an aika da ita, malamai su zauna a kanta su raɗa suna. Ta je Kandi, ta je Kotonu, ta zo gidana sau uku kafin wannan, kuma kullum lafiya take komawa. Ranar da maijego ta je yawon arba'in, ita ke mayar da ita da hannunta. A warware ta gaban surukina, ya kwantar da jaririn a tsakiyarta ya yi masa addu'a, sannan a naɗe a ajiye.

Sai maganar Babana. In kin san Jugu kin san shi, ko da ban faɗi sunansa ba. Tun yana saurayi yake sayar da goro, kuma tun asuba goro ke bakinsa, amma ba a taɓa ganin ɗigon ja a farar rigarsa ba. Da ɗan gwangwaninsa mai murfi yake yawo, a ciki yake tofarwa, ya rufe, ya share baki. Har misali ake yi da shi a unguwa: in yaro ya fito tsaf, a ce yau kam ka zama Alhaji wane. Bai tara dukiya ba, bai riƙe sarauta ba, wannan tsabtar da gaskiyarsa a ciniki su ne abin da ake gaishe shi da su. Shi da surukina abokai ne tun ƙuruciya, irin abotar nan da ba a gajiya da tsokana. Surukina yakan ce shi ba zai mutu ba sai ya ga ranar da goro zai kama Baba. Wasa ne, na sani, ni ma na sha yin dariya a kai.

Wannan haihuwar namiji ne, maigidana ya yi wa Baba takwara. Shi ya sa Baba ya ce sai ya zo, duk da yayyena sun hana shi saboda wahalar hanya. Ya hau mota daga Jugu ya iso a gajiye. Surukina bai zo ba, ciwon ƙafa ya zaunar da shi.

Ranar suna aka shimfiɗa darduma a zaure, aka yi addu'a, aka raba goro. Baƙo, wanzamin da ya yi wa dukan 'ya'yana aski, ya aske yaro a nan gefe a kan tabarma. Da hantsi ya yi maza suka watse, Baba ya ce zai ɗan huta a wurin. Ni kuma tun da ya zo ban gan shi mu biyu ba, sai na saci jiki daga cikin mata na kai masa koko.

Na tarar ya kishingiɗa barci ya ɗauke shi da goro a baki. Bakin ya saki, Gwaggo. Ruwan goron ya bi gemunsa ya zuba a tsakiyar dardumar, ga gwangwanin nan a gefensa a rufe. Na ga naƙuda huɗu, ban ji abin da na ji a tsaye a wurin nan ba. Ba dardumar ce ta fara zo mini a rai ba, wallahi. Tsoro na ji kada wani ya shigo ya ga Babana haka. Na ajiye kwano na goge masa gemu a hankali, na jawo buzu na rufe wurin, sannan na tashe shi na ce ya koma ɗaki, nan akwai hayaniya. Ya tashi yana sa mini albarka. Washegari ya koma Jugu bai san komai ba, har yau kuma bai sani ba.

Da baƙi suka ragu na jawo dardumar ɗakina. Kin san abin da ke kusa da hannun maijego: tafasasshen ruwan wanka da kanwar kunu. Mu kuma a gidanmu kanwa ke wanke komai, daga tukunya har tsumma. Na jiƙa ta da kauri a ruwan zafin, na zuba, na sa soso na dirza da iya ƙarfina. Tabon da bai fi tafin hannu ba ya buɗe ya kai faifai. Jan ya ƙara turuwa, daga baya ya koma duhu kamar lallen da ya kwana a ƙafa. Na sa toka. Na sa sabulun salo. Maƙwabciyata Lubabatu, wadda na gaya mata tabo ne kawai ban ce na wa ba, ta ce kananzir, na sa shi ma. Yanzu ga tabo ga wari, ulun wurin ya yi tauri yana tsinkewa. Garin neman gira na rasa ido. Na sayo kwalbar jabel, ruwan nan mai faranta kaya, a kanti tana nan ƙarƙashin gado, hannuna ya kasa buɗe ta.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ke hana ni cin abinci ba. Warin kananzir ya tona ni. Maigidana ya warware dardumar ya gani, kafin in buɗe baki ya ce wannan aikin Baƙo ne. Gaskiya Baƙo bakinsa kullum ja ne, kuma inda ya ga dama yake tofarwa, ga shi a zauren ya yi aiki. Ni kuma na yi shiru. Ban ce shi ne ba, Allah shaida, amma ban ce ba shi ba ne.

Maigidana ba mai faɗa ba ne, bai je ya tare shi ba. Ya dai daina amsa gaisuwarsa, ya kuma ba abokansa labari a tasha. Yanzu na ji an yi suna a unguwar Titiru a gidan da Baƙo ya saba, an kira wani wanzami. Makon jiya ya zo duba yaro kamar yadda yakan yi, maigidana ya sallame shi daga bakin ƙofa. Ina ciki ina jin sa yana tambaya ko wani abu ya yi. Mutumin nan yana da iyali da yawa, kuma aska ce gonarsa. Maigidana ya riga ya ce in mun je Jugu zai gaya wa mahaifinsa Baƙo ne ya ɓata dardumar.

Wani lokaci nakan gaya wa kaina ai Baƙo kowa ya san halinsa, wannan ba zai ƙara masa komai ba, bayan 'yan watanni za a manta. Baba kuwa sunan nan da ya yi da tsabta shi ke nan gare shi. In na faɗa wa maigidana zai faɗa wa mahaifinsa, mahaifinsa kuma ba zai iya riƙe irin wannan dariyar ba, sai ta kai gindin bishiyar da dattawa ke zama. Na san Babana. In ya ji ba zai yi fushi ba, zai shiga gida ne kawai ya daina fita. Sai kuma in na ɗauki yaron nan mai sunansa in tuna da askar wa aka yi masa askin fari, sai in ture kwanon abinci.

Gwaggo, in buɗe jabel ɗin? Lubabatu ta ce in daka goro in rina tsakiyar gaba ɗaya ta zama launi guda, wai tsoho mai ciwon ƙafa ba zai lura ba. Ko akwai abin da zai fitar da tabon nan sarai, kowa ya huta? In kuma babu, ki gaya mini wanda zan bari ya ji kunya, domin ni na kasa zaɓa.

Maijego mai damuwa,
Ganu, Paraku.

*

'Yata,

Barka da sauka lafiya, Allah ya raya takwaran Baba. Kafin ki karanta sauran, tashi ki fitar da kwalbar nan daga ƙarƙashin gado ki ba mai wankin fararen kaya. Jabel yana cinye ulu. In kika zuba shi, rami za ki kai Jugu. Rinin da Lubabatu ta ce ma ki bar shi. Ciwon surukinki a ƙafa yake, idonsa lafiya lau, kuma ya girma yana kallon dardumar nan.

Ga abin da ya faru da ke. Kanwa da toka ba sa wanke goro, zaunar da shi suke yi, ruwan zafi kuma ya taya su. Da ruwan sanyi kika sa a ranar, kika danna da tsumma, da yawancinsa ya fita. Ban faɗa don ki ƙara cizon yatsa ba. Kowace 'yar gidan goro ta san yadda ake jiƙa shi da yadda ake lulluɓe shi da ganye, amma kaɗan ne aka koya wa fitar da shi daga ulu, ke kuma abin da ke gabanki kika ɗauka cikin ruɗewa.

Fara da kananzir. Ki barbaɗa busasshiyar dusa ko garin sitati a wurin da kauri, ki bar shi ya wuni yana tsotsa, ki kakkaɓe, ki sake, har warin ya ragu. Sannan ki fitar da kanwar da ta maƙale, domin ita ce ta sa ulun tauri. Ki matse lemun tsami ki tace, ki surka shi da ruwan randa mai sanyi har tsaminsa ya yi sauƙi a harshe. Ki fara gwadawa a can ƙuryar gefe inda ja da shuɗi suke, ki ga ko launi zai biyo tsumma. In bai biyo ba, sai ki tsoma farin ƙyalle ki riƙa dannawa, daga bakin tabon zuwa tsakiya don kada ya ƙara faɗi. Dannawa na ce, 'yata. Soson nan ki mayar da shi wurin tukwane. In ƙyalle ya yi ja ki canja wani. Bayan haka ki kaɗa kumfar sabulun Marsel, kumfar kawai za ki ɗora, ki ɗauraye da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan. Ki shimfiɗa busasshen zane a kai, ki ɗora turmi ya tsotse ruwan, sannan ki rataye ta a inuwa inda iska ke ratsa ta sama da ƙasa. Kada rana ta gan ta, kada ki naɗe ta da danshi. Ki bar ta ta bushe sarai kafin ki maimaita, ki yi ta yi har ranar tafiya.

Duhun zai sauka, ulun zai ɗan yi laushi, amma ba zan yaudare ki ba, tabon ba zai ɓace ba. Za a gan shi ranar da aka warware ta. Saboda haka ki daina jiran lemun tsami ya ɗauke miki maganar da ke gabanki.

Abin da kika yi a zaure daidai ne. Kin ga mahaifinki a halin da ba zai so a gan shi ba, kika rufe shi, kika tashe shi da mutuncinsa. Allah ya saka miki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa Baba ya ji wannan labari ba, daga bakinki ko na wani. Tsoronki a kan surukinki ma ba na banza ba ne, abokin wasa yakan yi ɓarna bai sani ba.

Amma shirun da kika yi wa Baƙo ba rufin asiri ba ne. Kin ce ba ki ce shi ne ba. Haka ne, sai dai shiru ma magana ce, kuma maigidanki ya ji ta sarai. Kin ce kowa ya san halinsa. Ai shi ya sa aka yarda da sauri, shi ya sa kuma ba wanda zai wanke shi in ba ke ba. Yana tofar da yawu inda bai kamata ba, a yi masa faɗa a kan wannan. Wanda bai yi ba kuwa, ba ki da ikon ɗora masa don kawai wuyansa ya saba da kaya.

Kin tambaye ni wa za ki bari ya ji kunya, Baba ko Baƙo. Kin manta da mutum na uku, ke. Ki samu maigidanki ku biyu, ki gaya masa duka yadda kika gaya mini, ki roƙe shi amana. Mutumin da ya sa wa ɗansa sunan mahaifinki ba zai kai sunan nan kasuwa ba, kuma shi ma yana da tsoho a gida. Zai ji haushin kin bar shi ya zalunci mutum, ki haɗiye wannan, kin jawo. Shi zai taka ya je gidan Baƙo ya nemi gafara, ya kuma koma tasha inda ya ba da labari ya ce ya yi kuskure. Ba sai ya ambaci kowa ba. Suna na gaba da aka yi a cikin abokansa, ya tabbata an kira Baƙo.

A Jugu kuma kada ki jira a warware a gaban jama'a. Ki riga kowa shiga wurin surukinki, ki durƙusa ki ce goro ya zuba a taron suna, ke kuma kika sa kanwa da ruwan zafi kika mayar da ƙaramin tabo babba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma mafi yawan ɓarnar ta hannunki ce. Zai yi faɗa, wataƙila matan gidan su riƙa tsokanarki da kanwa har ki aurar da yaron nan. Za ki iya ɗauka. In ya tambaya daga bakin wa ya zuba, ki ce wani dattijo ne barci ya ɗauke shi, ki roƙe shi ya bar ki ki rufe. Ina zaton zai yi shiru. Ko da ya gane, akwai bambanci tsakanin tsokanar aboki yana da ƙarfinsa da ganin tsufa ya kama shi, kuma mai ciwon ƙafa ya san wannan fiye da ni da ke. Ban ba ki tabbaci ba, mutum ba a rantse masa. Amma ko ta wannan hanya akwai haɗari kaɗan, ta waccan zalunci ne tabbatacce.

Abu guda kuma. Ki keɓe babban yayanki ki gaya masa Baba ya fara barci da goro a baki, don a riƙa lura da shi a gida, a kuma kai shi lokotoro, wato likita, ya duba shi. Wataƙila gajiyar hanya ce kawai, amma gara a sani.

Kin ce tsabta da gaskiya su ne abin da ake gaishe da mahaifinki da su. Tsabtar kam shekaru za su karɓe ta sannu a hankali, kamar yadda suke karɓar ta kowa, ba abin kunya ba ne. Gaskiyar tana nan tare da shi. Ki tambayi kanki wanne zai fi sa shi ya shiga gida ya daina fita: ya ji goro ya zuba daga bakinsa yana barci, ko ya ji 'yarsa ta bar wanzami ya rasa abincin 'ya'yansa don a tsare masa suna.

Ki je ki yi maganar nan yau, tun kafin ki matse lemun. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kai ku Jugu lafiya, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Mu ma Allah ya ba mu mai goge mana gemu ko haɓa ranar da namu bakin ya saki.

Gwaggonki,
Zinatu